Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ayyuka na Jihar Kano Kan Tsallaka Titi a Mahaɗar Babban Layi, Kurna

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ayyuka na Jihar Kano, tare da sanar da Shugaban KAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano), da Kwamandan FRSC (hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa) na Jihar Kano, da Shugaban KNUPDA (hukumar tsara birane ta Kano), da shugabannin ƙananan hukumomin Dala da Fagge da Ungogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya dafa muku a kan nauyin jama'a da aka ɗora muku. Mu da muka rubuto wannan takarda mazauna Kurna ne da Rijiyar Lemo da Bachirawa. A cikinmu akwai iyayen yara, da malaman firamare da na Islamiyya, da direbobin manyan motoci, da 'yan adaidaita sahu, da waɗanda suka daɗe suna cin abinci a aikin hanya. Muna magana da yawun duk wanda ke tsallaka Titin Katsina da ƙafa a mahaɗar Babban Layi, musamman yara da tsofaffi da makafi da guragu, waɗanda ba su da bakin da zai iso ofishinku.

Buƙatarmu guda ɗaya ce. A gyara wurin ta yadda mota ba za ta iya wuce gudun kilomita 30 a awa ba a daidai inda mutane ke tsallakawa, ko akwai jami'i a tsaye ko babu, da rana ko da dare. Duk abin da zai biyo baya bayani ne a kan dalilin wannan buƙata da yadda za a biya ta.

Titin Katsina aiki biyu yake yi a lokaci guda, kuma daga nan matsalar ta samo asali. Shi ne hanyar Miltara da Kasuwar Dawanau, hanyar Bichi da Katsina da Jibiya har Maraɗi, saboda haka tirela da tanka da tifa ba sa yankewa a kansa. Shi ne kuma ya raba unguwanni masu cunkoson jama'a gida biyu: gidan mutum a wannan hannu, makarantar 'ya'yansa ko masallacinsa ko kemis ko injin niƙa a wancan. An tsara titin domin aikin farko. Aiki na biyu an bar wa mai ƙafa ya san yadda zai yi da kansa.

Kukanmu na farko gudu ne. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci da bas a cikin gari, tirela da tanka kuma 45. Ko da kowa ya bi wannan, 50 ta yi yawa a inda yara ke tsallakawa, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne. Direba mai cikakken hankali yana ɗaukar kimanin sakan ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka burki. A gudun 50 motar ta riga ta ci mita 21 a wannan ɗan lokaci, kuma sai ta ƙara wajen mita 14 kafin ta tsaya cik, jimilla mita 35. A gudun 60 jimillar mita 45 ce. A gudun 30 kuwa mita 18 sun isa. Wato idan yaro ya fito daga bayan adaidaita sahu tazarar mita 20 a gaban mota, mai gudun 30 zai tsaya bai taɓa shi ba, mai gudun 50 zai buge shi ƙafarsa ba ta kai kan burki ba. Wannan fa a kan busasshiyar kwalta ne da lafiyayyun tayoyi. Idan yashi ya rufe gefen titi, ko ruwa ya sauka, ko tirela ce ɗauke da tan 30 na masara, tazarar ta zarce haka nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Ita ce kuma ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Adadin da muke roƙo ke nan, ba mu muka ƙirƙiro shi ba.

Na biyu faɗin titin ne da lokacin da ake buƙata kafin a ƙetare shi. A ɗauka hannu ɗaya, haɗe da kafaɗarsa, mita 10 ne. Lafiyayyen babba yana tafiyar mita 1.2 a sakan, zai ƙetare cikin sakan 8. Tsohuwa, ko mace mai goyo riƙe da hannun wani yaron, ko makaho da ɗan jagora, ba sa wuce mita 0.8 a sakan, sai sun yi sakan 12 ko fiye. Motar da ke gudun 60 tana cin mita 200 a cikin sakan 12. To yaushe Titin Katsina ke yin fayau har mita 200 da ƙarfe bakwai na safe? Ba ya yi. Shi ya sa za ka ga mutane sun taru a bakin titi suna jira, haƙuri ya ƙare, wani ya ɗaga hannu ya kutsa, sauran su bi shi a guje. Na ƙarshe a ayarin, wanda yawanci shi ne mafi ƙanƙanta ko mafi tsufa, shi ke haɗuwa da motar da ba ta rage gudu ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara goma kuma bai iya auna gudun mota da nisanta ba tukuna, ko da ya duba dama da hagu kamar yadda aka koya masa.

Na uku rashin ganin juna. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama abin hawan kowa, amma titunan ba a yi musu wurin tsayawarsa ba. Ɗan adaidaita inda fasinja yake nan yake tsayawa, fasinja kuma a bakin mahaɗa yake. Sai ka ga sun yi layi biyu, wani lokaci uku, a daidai kwanar. A haɗa da teburan masu sana'a da lemar masu shayi da a-kori-kura mai sauke kaya. Mai tsallakawa ba ya hango titi sai ya shiga cikinsa, direba ba ya ganin mai tsallakawa sai ya fito gabansa. Yaron da tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba ɓacewa yake yi gaba ɗaya a bayan adaidaita. Ba laifi muke ɗora wa 'yan adaidaita ko masu tebur ba, abincinsu suke nema, kuma da yawansu 'ya'yansu na cikin masu tsallakawar.

Akwai wani nau'in haɗari da ya kamata injiniyoyinku su sa a gaba, domin yana yawan faruwa a titi mai layi biyu a hannu ɗaya. Direban layin farko ya yi kirki ya tsaya, ya yi wa yaro alama da hannu ya wuce. Yaron ya amince ya taho. Motar da ta tsaya ta kare shi daga idon direban layi na biyu, wanda ke tafe da gudunsa, ko ma ya ga an tsaya ya zarce domin ya wuce. A nan ake yin mummunan bugu, kuma kirkin direban farko ne ya buɗe ƙofar. Direbobin tirela da ke cikinmu sun ƙara da cewa daga kan kujerarsu ba sa ganin abin da ke dab da hancin mota, ko abin da ke gefen ƙofar yaron mota. Wanda ya ratsa ta gaban tirela a cikin cunkoso yana zaton an gan shi, alhali ba a gan shi ba.

Sai bin wanwe. Masu babur da wasu 'yan adaidaita kan ƙi zuwa wurin juyawa, su biyo hannun da ba nasu ba, mai tsallakawa yana duban inda motoci ke fitowa a buge shi ta baya. Sai duhu bayan magariba, da hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da yara ke fita makaranta gari bai gama washewa ba. Sai gefen titi da babu inda za a taka: inda ya kamata a bi da ƙafa ya zama wurin kasa kaya ko ajiye mota, murfin lambatu ya karye a wasu wurare, dole mutum ya sauko kan kwalta.

Abin da ke biyo baya kun san shi. Karaya a cinya ko a ƙwauri, buguwa a ka, watanni a Asibitin Ƙashi na Dala ko a hannun mai ɗori, magidanci ya daina fita nema, yaro ya rasa zangon karatu. Akwai iyayen da suka zaɓa wa 'ya'yansu makaranta ba don ingancinta ba, sai don kawai tana hannunsu na titi. Muna kuma jan hankalinku kada ku auna wurin nan da abin da ke cikin rajista kaɗai. Yawancin bugun da bai kai ga rasa rai ba a bakin titi ake kashe maganarsa: direba ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin magani, dangi su ce ƙaddara ce sun yafe. Mun yarda da ƙaddara. Amma abin da aka yafe ba ya shiga takarda, kuma wurin da babu shi a takarda ba ya shiga kasafin kuɗi.

Kafin mu zo ga abin da muke so a yi, ga abin da muke roƙon kada a tsaya a kansa.

Kada a aiko masu fenti su ja zanen tsallakawa su tafi. Wani bincike da hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta wallafa a 2005, wanda ya kwatanta wurare 1,000 masu zane da 1,000 marasa zane a birane 30, ya gano cewa a titi mai layuka da yawa da motoci sama da 12,000 a rana, zane shi kaɗai ba tare da wani gyara ba yana tafiya da ƙarin bugun masu ƙafa. Dalilin a bayyane yake: zanen yana ba mai tsallakawa ƙwarin gwiwa, bai rage wa direba komai ba.

Kada kuma a ce gadar sama ta wadatar. Gada tana da amfaninta, kuma masu ƙarfi a jika su hau. Amma domin tirela ta wuce ta ƙarƙashi sai an ɗaga gada sama da mita 5, wato matakala wajen 35 a hawa, wasu 35 a sauka. Ɗan garuwa ba zai hau da kurarsa ba. Mai baro ba zai hau ba, haka gurgu a kekensa, da mai ciki wata takwas, da dattijo mai ciwon gwiwa. Idan za a yi mata gangara mai sauƙin hawa, sai tsawon gangarar ya haura mita 60 a kowane gefe, tsallakawar mita 25 ta koma tafiyar mita 150. Da dare mata da yawa ba sa yarda su hau gadar da babu fitila. Abin da ya fi muni, gada tana sa direba ya ɗauka cewa ƙasa tasa ce shi kaɗai, sai ya ƙara wuta, alhali waɗanda gadar ta fi ƙarfinsu suna nan a ƙasa. Shinge a tsakiyar titi ma haka: idan ba a bar mashiga a inda mutane suke bi ba, ba a daɗewa sai an ga an ɓalle ƙarfe ɗaya ko biyu.

Tudun rage gudu irin wanda matasan unguwa ke yi da kansu bayan an buge wani, da ƙasa ko tsohuwar taya ko siminti buhu biyu, mun fahimci zafin zuciyar da ke sa a yi shi, amma shi ma haɗari ne. Yakan yi tsini, ba shi da fenti, ba shi da allon gargaɗi, yana kayar da mai babur da dare yana karya sifirin ɗin mota. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta sha kokawa da irinsa a hanyoyinta, kuma tana da gaskiya. Maganinsa hukuma ta riga jama'a yin na ƙa'ida.

Ga abin da muke roƙo, bisa tsarin da ya kamata a bi.

A fara da ƙidaya. Kwana uku sun isa, ɗaya daga ciki ya zama Juma'a, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, ana rubutawa duk minti 15: mutum nawa suka tsallaka, nawa ne yara, kuma ta ina suka bi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin mashigar da aka gina nesa da inda ƙafa ta saba bi, ko da mita 50 ne, ba za a yi amfani da ita ba. Gudu kuma ko babu na'ura ana iya auna shi: a shata mita 50 a kan titi a riƙe agogo. Motar da ta cinye su cikin sakan 3 tana gudun 60, wadda ta yi sakan 6 tana gudun 30. Ɗaliban injiniyancin gine-gine na Jami'ar Bayero ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano za su iya wannan aiki a ƙarƙashin injiniya ɗaya daga ma'aikatarku.

Sai a gina mashiga mai tudu a kowane hannu, wato a ɗaga wurin tsallakawar kansa ya zama shi ne tudun rage gudun. Tsayinta santimita 7.5, kada ya wuce 10. Samanta ya zama shimfiɗaɗɗe, tsawon aƙalla mita 6, domin doguwar mota ta hau da tayoyin gaba da na baya ba tare da cikinta ya daki ƙasa ba. Gangarar hawa da ta sauka kowacce mita 1.2 zuwa 1.5. Idan gangarar ta gaza haka tirela mai lodi za ta riƙa dukan titin har ya farfashe, idan ta zarce haka direba ba zai ji ta ba balle ya rage gudu. A yi ta da kankare mai rodi, kaurin wajen santimita 20. Kwalta ba za ta yi ba: a zafin Maris zuwa Mayu laushi take yi, tayar babbar mota ta ture ta gaba, cikin shekara guda tudun ya baje. A yi rabin titi a bar rabi ga motoci, a riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7 kafin a buɗe wa ƙananan motoci, a tuna kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Gaggawar buɗe titi domin ranar ƙaddamarwa ita ke kashe yawancin irin wannan aiki.

Kada a manta da ruwa. Tudun da ya tokare daga gefe zuwa gefe yana tare ruwan da ke bin bakin titi, ya taru ya zama kududdufi a daidai inda ake so mutane su tsaya, ya kuma ci ƙasan kwaltar. A sa mazurarar ruwa mai murfin ƙarfe a gefen da ruwa ke fitowa, ta zube cikin lambatu, a kuma riƙa kwashe yashin da ke toshe ta kafin damina.

A tsakiyar titi a yi wurin tsayawa mai faɗin aƙalla mita 2, yadda ɗan garuwa da kurarsa ko uwa da yara uku za su tsaya ba tare da wani sashensu yana kan titi ba. A yanke dakalin tsakiya a wurin ya yi daidai da mashigar, faɗin mita 3, domin keken guragu da baro. Amma da zarar an yanke, 'yan adaidaita za su mai da shi wurin juyawa, wannan ba sai an gwada ba. Faɗin adaidaita sahu kimanin mita 1.3 ne, saboda haka a kafa turakun ƙarfe cike da kankare, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita 1.2: kura da keken gurgu su wuce, adaidaita ya kasa. Zai fi kyau mashigar hannu ɗaya kada ta yi saitin ta ɗaya hannun. A goce su da 'yan mitoci, ta yadda mutum zai ɗan yi tafiya a tsakiya fuskarsa na kallon motocin da zai ratsa, kuma yaro ba zai iya ƙetare hannu biyu a guje ɗaya ba. Wannan wurin tsayawa shi ke mai da tsallakawa ɗaya mai wuya ta zama biyu masu sauƙi, kowacce ana duban gefe ɗaya kawai.

Fenti ya zama irin wanda ake narkawa da wuta a zuba, mai ɗauke da ƙwayoyin gilashi da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska. Fentin gwangwani wata biyu ba ya yi a ƙarƙashin yashi da taya. Ratsin fari faɗin santimita 50, tazara 50. Layin tsayawar motoci a ja shi baya da mashigar kamar mita 8 zuwa 10. Wannan tazara ita ce maganin bugun layi na biyu da muka ambata, domin motar da ta tsaya can baya ba ta kare wa kowa gani. Allon gargaɗi da na gudun 30 a kafa su mita 100 kafin wurin, a sa jerin ƙananan kunyoyi masu girgiza mota a mita 100 da kuma mita 50, tsayinsu kada ya wuce santimita ɗaya da rabi. Suna da ƙara da dare, gara a faɗa wa maƙwabtan wurin tun kafin a sa.

Mita 20 kafin kowace mashiga ya zama babu tsayawa, babu tebur, babu lema. Allo ba zai hana ba. A faɗaɗa dakalin gefen titi ya cinye wurin, ko a kafa turaku, yadda babu inda za a tsaya ɗin. Sannan a ba 'yan adaidaita wurinsu: a yanka musu gurbi a gefen titi mai zurfin mita 2.5 zuwa 3, tsawon mita 30, zai ɗauki wajen guda goma. Gurbin ya kasance bayan an wuce mashigar, kada ya kasance kafinta, domin fasinjan da ya sauka ya koma ya tsallaka ta bayan abin hawan inda direbobi masu zuwa ke ganinsa. A zauna da shugabannin 'yan adaidaita da na masu sana'a kafin a zana, a nuna wa masu tebur inda za su koma kusa da kasuwarsu. Kora ba tare da madadi ba kwana uku take yi. Bakin Babban Layi shi ma a matse kwanarsa, domin kwana mai faɗi ita ke ba direba damar shiga layi bai taka burki ba.

Fitila a kafa ta kamar mita 3 kafin mashigar ta ɓangaren da motoci ke fitowa. Idan aka sa ta a saman kan mai tsallakawa ko a bayansa, kwalta za ta yi haske shi kuma ya zama inuwa. Idan ta sola ce, batirin ya kasance can sama a jikin fitilar saboda ɓarayi, a kuma sa wanda zai riƙa goge farantin a lokacin hunturu. Ƙura ce ke sa fitilun sola mutuwa tun kafin tsakar dare, mutane su ce batir ya lalace alhali farantin ne bai sha rana ba.

Idan ƙidayar ta nuna ana buƙatar danja, a sa mai ba masu ƙafa lokacinsu na kansu: sakan 7 na fara tafiya, da sakan ɗaya ga kowace mita ta faɗin titi, wato kimanin sakan 17 zuwa 20 a hannu ɗaya. Kada jiran ya wuce minti ɗaya da rabi, domin bayan haka mutane ba sa jira. Amma danja ƙari ce a kan tudu, ba ta maye gurbinsa, saboda ranar da ta mutu tudun na nan.

Ga KAROTA da FRSC, roƙonmu jami'i biyu a wurin a lokutan da yara ke kan titi: 7 zuwa 8 na safe, 12 zuwa 2 na rana, da 4 zuwa 6 na yamma lokacin Islamiyya, sai bayan sallar Juma'a, sai kuma gab da shan ruwa a watan azumi, lokacin da kowa ke sauri. Aikinsu a waɗannan sa'o'i ya zama tsallakar da mutane da hana wanwe. Binciken takardu a kai shi wani wuri, domin direban da ke gudun kamu ba ya duban yaro. Muna kuma roƙon a buɗe rajista ta musamman ga wannan mahaɗa, a riƙa ɗaukar ko bugun da aka yi sulhu a kansa, a liƙa lambar gaggawa ta FRSC, 122, a jikin turakun fitila. A tunatar da asibitocin yankin cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Irin wannan gyara an gwada shi a Afirka. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta yi wa kewayen makarantun firamare tudun rage gudu da mashigai da hanyar ƙafa da alluna, binciken da aka yi a kan aikin ya nuna raunukan yara 'yan makaranta sun ragu da kashi 26 cikin 100. Kayan aikin siminti ne da rodi da fenti da turaku, waɗanda duk akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa. Jihar da ta gina gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Dangi da Hotoro ba za a ce wannan ya gagare ta ba.

Abin da muka fi tsoro shi ne a yi ta miƙa takardar nan daga tebur zuwa tebur. Titin Katsina hanyar tarayya ce da ta ratsa cikin birni, kula da zirga-zirga na hannun KAROTA da FRSC, gefen titi na hannun KNUPDA, yankin kuma ya taɓa ƙananan hukumomi uku. Kowa yana da hujjar cewa aikin na wani ne. Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka naɗa injiniya ɗaya da sunansa da ofishinsa wanda alhakin wannan mahaɗa zai rataya a wuyansa, shi zai nemo amincewar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, idan ana buƙata. Muna roƙon a zo a duba wurin tare da mu da masu unguwanni cikin mako biyu, da ƙarfe bakwai na safe ranar makaranta, ba da hantsi ba. A kammala ƙidaya cikin wata guda. Kafin kankare ya samu, a sa jami'ai, a share mita 20 ɗin nan, a jera durom cike da yashi masu fentin fari da ja a matse wurin, wannan ba ya jiran kasafin kuɗi. A nuna wa jama'a zanen aikin kafin a ba da kwangila, a yi ginin a rani kafin ruwa ya sauka, a kuma rubuta a cikin kwangilar wanda zai sabunta fenti da kwashe yashi da gyaran fitila na shekara biyu. Bayan wata shida a sake auna gudu da agogo a kan mita 50 ɗin nan. Idan yawancin motoci na cinye su ƙasa da sakan 6, aikin bai yi ba, a dawo a gyara.

Mu kuma a namu ɓangaren za mu ba da mutanen da za su taya ƙidaya, za mu tsara dattawa da matasa masu tsallakar da yara safe da yamma, limamai da malaman Islamiyya za su yi wa jama'a bayani, kuma za mu sa ido a kan fitilu da murafun lambatu kada a sace.

Muna sauraron amsarku ta hannun masu unguwannin Kurna.

Wassalamu alaikum.

Daga mazauna Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, Kano.